Gini a Bakin Ruwa: Takardar Izini, Katafila da Halin da Zangunan Accra Suke Ciki

Waɗanda suka halarci Idin ƙaramar salla a dandalin Black Star a ƙarshen watan Maris na 2025, da waɗanda suka saurara ta rediyo, za su tuna cewa Shugaba John Dramani Mahama bai tsaya ga barka da salla kawai ba. Ya shiga maganar ambaliya, ya yi kashedi cewa duk ginin da aka dasa a kan hanyar ruwa, ko a cikin dausayin da doka ta keɓe, gwamnati za ta rushe shi. Wata biyu ba su cika ba sai ga katafila a dausayin Sakumono, kusa da Tema, tana kwantar da katangu da gidaje a ƙarƙashin jagorancin ministar yankin Accra, Linda Ocloo.

Da yawa daga cikinmu sun kalli hotunan a waya, suka ce ai rigimar manya ce, masu kuɗin da suka cike fadama da jar ƙasa suka ɗora benaye. To, amma Bahaushe ya ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar da aka ɗauko aka rushe gidajen Sakumono ita ce dai ke kan duk wanda ya ƙara ɗaki, ko shago, ko bayan gida, ko barandar masallaci a bakin gota a Nima da Maamobi. Saboda haka ya kamata mu san abin da dokar ta ce, mu kuma duba ko talakan zango yana da hanyar bin ta.

A Ghana ba a gini sai da rubutaccen izinin majalisar gunduma. Wannan yana cikin Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, da Dokar Tsara Amfani da Filaye mai lamba 925, ita ma ta 2016. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, izinin ba na sabon gida ba ne kaɗai. Ƙarin ɗaki gini ne, ɗora bene a kan tsohon gida gini ne, mai da falo shago canjin amfani ne, kuma duk suna neman takarda. Hatta kwantena da kiyos akwai izinin wucin gadi da ake ba su. Tun 2018, da aka yanka sababbin gundumomi daga cikin babbar majalisar Accra, mutumin Nima yana kai takardunsa majalisar Ayawaso ta Gabas, na Maamobi kuma majalisar Ayawaso ta Arewa. Abin da za a tambaye shi sananne ne: shaidar mallakar filin daga Hukumar Filaye, taswirar filin daga safiyo mai lasisi, zanen ginin daga ƙwararre, lissafin injiniya in bene ne, sai rahoton 'yan kwana-kwana da izinin hukumar kare muhalli in ginin babba ne ko na taruwar jama'a. Kwamitin ƙwararru zai je ya ga wurin, kwamitin tsara gari ya zauna ya yanke hukunci.

Idan filin yana bakin ruwa kuwa, sai a ƙara wani mataki. Dokar Hukumar Albarkatun Ruwa ta 1996, mai lamba 522, ta sanya dukkan ruwan ƙasar a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a. Ma'ana, ko da filinka ya kai har gaɓar kogi, kogin ba naka ba ne, ba ka da ikon tare shi, ko karkatar da shi, ko kafa wani abu a cikinsa sai da yardar hukumar. A 2011 aka fitar da manufar barin fili tsakanin ruwa da gini. Ta ce a bar mita 10 zuwa 60 a gefen manyan koguna, mita 10 zuwa 20 a gefen ƙananan rafuka, a bakin tafkunan da ake shan ruwansu kuwa, irin na Weija da Bosomtwe, a bar mita 60 zuwa 90. Wanda ke son ya kafa ko ya tsawaita dandamalin da kwalekwale ke tsayawa a bakin tafki, wannan ce hanyar da zai bi, ya je majalisa, ya je hukumar ruwa, ya je hukumar muhalli. Mu a Nima ba mu da tafki, ba mu da kwalekwale. Abin da muke da shi gota ce, kuma hukuncin bakinta bai bambanta da na bakin tafki ba.

Wannan gota, wadda kowane yaron Nima da Maamobi ya sani, asalinta rafi ne. Tana kwaso ruwan tudun da ke arewa da mu, ta ratsa tsakiyar unguwanninmu, ta gangara ta wajen Paloma da Asylum Down, ta faɗa cikin Odaw kusa da Circle. Odaw kuma ta zuba a tafkin Korle, Korle ta zuba a teku. Duk ruwan saman da ya sauka a kan rufin dubban gidaje wannan hanya ɗaya zai bi. Da can ƙasa tana shanye wani kaso, yanzu kuwa an shafe tsakar gida da siminti, an yi kwalta, an daɓe harabar gidajen mai, sai ruwan ya taho gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. In ya tarar an matse hanyarsa da bulo, ko an cika ta da bola da yashi, ba ya neman izinin kowa. Wanda ya ci taku uku daga bakin gota a Maamobi wataƙila ruwan ba zai shiga ɗakinsa ba, ɗakin wanda ke can ƙasa da shi zai shiga, mutumin da bai taɓa gani ba.

Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba. Ruwa ya cika Circle, mutane suka fake a gidan mai, man ya bi saman ruwa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Duk wanda ya ga wannan ba zai ce dokar barin fili a bakin ruwa zalunci ce ba. Malamanmu na fiƙihu ma tun da daɗewa suke maganar harimin rijiya da harimin kogi, wato filin da ke kewaye da ruwa wanda ba ya halatta mutum ɗaya ya mallake shi ya cutar da sauran jama'a. A kan manufar dokar ba mu da ja.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda ta farko da ake tambaya, wato shaidar mallakar fili. Nima ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami wurin daga iyalin Odoi Kwao na Gaa, ya zauna da shanunsa, mutane suka yi ta zuwa ana nuna musu wurin da za su kafa ɗaki. Yaƙin duniya na biyu ya ƙara cika ta da masu aiki a barikokin soja da ke kusa da tsofaffin sojojin da suka dawo. A lokacin tana bayan iyakar birni, babu mai zuwa ya ja layi ko ya bar wurin titi. Sabon Zango, da Malam Baƙo ya kafa tun kafin Nima, ita ma ta hannun sarakunan Gaa aka samu. Haka kakanninmu suka zauna, da yardar mai ƙasa da shaidar dattawa, wani da 'yar takardar da aka rubuta da hannu, wani babu ko ita. Yau gidan ya zama na gado. Magada ashirin ne ko talatin, wasu suna Kumasi, wasu suna Jamus ko Amurka, wasu sun rasu sun bar nasu magadan. Wa zai sa hannu? Da sunan wa za a yi rajista? Kafin a kai ga kuɗin safiyo da na mai zane, maganar ta riga ta tsaya.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Dattijo ne a gidan haya da gado, ɗansa zai yi aure, babu ɗaki. Kuɗin haya a Accra kuwa na shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule, duk da doka ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida. Ya duba gabas maƙwabci ne, yamma lungu ne da ko gawa da ƙyar ake fitarwa, abin da ya rage shi ne ɗan filin bayan gida da ke kallon gota. Ya kira birkila, a yi aikin Asabar da Lahadi, kafin Litinin an ɗora kwano. In ma'aikatan majalisa sun biyo, su rubuta da jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki a kawo takardar izini. Abin da ke biyo bayan jan fentin nan duk mun sani: a yi magana a gefe, fentin ya koɗe da ruwan bazara, ɗakin ya zauna. Dattijon bai taɓa neman izini ba domin ya san ba za a ba shi ba, hukuma kuma ba ta taɓa hana shi da gaske ba. Shekara goma sai a wayi gari ana cewa ginin haramtacce ne.

Wannan shi ne halin da muke ciki. Ƙofar izini a rufe take ga mafi yawan mutanen zango, saboda haka doka ba ta zuwa mana a matsayin mai ba da shawara kafin a sa bulo, sai dai ta zo a bayan katafila. Kuma dokar ta ba majalisa wannan iko. Tana iya ba da sanarwa ta nemi mai gini ya kare kansa, in ya kasa ta rushe ta kuma caje shi kuɗin rushewar. In ginin ya shiga hanya ko filin jama'a, tana iya rushewa ba tare da sanarwa ba. Diyyar da kundin tsarin mulki na 1992 ya yi alkawari tana kan dukiyar da gwamnati ta karɓe daga mai ita na halal. Wanda ba shi da takardar fili, ba shi da takardar gini, da wuya ya tsaya gaban alƙali ya ce a biya shi.

Mun ga yadda abin yake a Old Fadama. Kwana 17 bayan gobarar Circle, ranar 20 ga Yuni 2015, azumi yana kwana na uku, majalisar Accra a ƙarƙashin Alfred Oko Vanderpuije ta shiga da katafila da jami'an tsaro, ta share gidajen da ke gefen Odaw da Korle domin a sami hanyar yashe ruwan. Dubban mutane, galibinsu 'yan arewacin Ghana, suka sha ruwa a fili cikin damina. Unguwar da ƙidayar da mazaunanta suka yi a 2009 ta nuna tana ɗauke da mutum kusan 80,000. Ko da a ce share bakin ruwan ya zama dole, tambayar ita ce ina aka tanadar musu? Da ba a tanadi ko'ina ba, da yawa sun koma inda aka tashe su. A Yuli 2021 aka kwashe 'yan kasuwar albasa na Agbogbloshie, waɗanda yawancinsu 'yan uwanmu ne masu jin Hausa, aka kai su Adjen Kotoku. Su aƙalla an nuna musu wuri, ko da yake nisan ya ci musu ciniki. A Jamestown ma, da za a gina sabuwar tashar jiragen kamun kifi da tallafin ƙasar Sin, sai da aka rushe rumfuna da ɗakunan masunta a bakin teku a Mayu 2020, aka buɗe tashar a 2024. Gwamnati in za ta yi nata gini a bakin ruwa takardunta ba sa makalewa.

A nan ne maganar Sakumono ta dawo. Ghana ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1988, aka sanya Sakumo da bakin kogin Densu cikin jerin a 1992, aka yi musu dokar kariya a 1999. Ba ɓoyayyen wuri ba ne, kowa ya san iyakarsa. Duk da haka aka yi shekara da shekaru tifa tana zuba ƙasa da rana tsaka, ana yanka fuloti, ana ɗora gidajen da talaka ba zai iya ko katangarsu ba. An yi rusau a can a 2022 zamanin Henry Quartey, aka koma aka ci gaba da gini. Haka a Weija, dam ɗin da ke ba yammacin Accra ruwan sha: an gina gidaje a ƙasan dam ɗin da gefen tafkin, duk lokacin da aka buɗe ƙofofinsa, kamar yadda aka yi a Oktoba 2022, sai Tetegu da Oblogo su nutse. Waɗannan filaye wani ne ya sayar, wani ya auna, wani ya ja musu wuta da ruwa. Shi kansa Shugaban Ƙasa a jawabin Idin nan ya ambaci haɗin baki da wasu sarakuna. Har yanzu abin da jama'a suka fi gani shi ne rushe bango. Hannun da ya sa wa takardar sayarwa hatimi, da idon da ya kau da kai, su ne muke jira mu ga an kira su. Muddin ba a kira su ba, mutumin zango zai ci gaba da ɗaukar izinin gini a matsayin wani abu da ake saye, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba.

Sai dai kada mu ɗora wa gwamnati komai mu wanke kanmu. Ba gwamnati ce ke fitowa da kwandon shara in hadari ya haɗu ta juye a gota ba. Ba ita ce ke sa bututun bayan gida ya zuba kai tsaye cikin ruwan ba. Kuma, a yi mana afuwa, har masallatanmu da makarantun allo ba su tsira ba. Jama'a ta ƙaru, sahu ya fito waje, sai kwamiti ya tara kuɗi ranar Juma'a a zuba kankare a kan magudana a ƙara sahu biyu. Niyya kyakkyawa ce, amma ruwa bai san niyya ba, kuma kankaren da aka rufe magudana da shi ba tare da an bar wurin buɗewa ba shi ke hana a yashe ta. Abin kunya ne a ce liman yana wa'azin haƙƙin maƙwabci a kan dandamalin da ke tura ruwa ɗakin maƙwabcin. Kwamitin masallaci ya fi kowane magidanci ikon neman izini yadda ya kamata, domin yana da jama'a, yana da masu ilimin zamani a cikin sahu, akwai injiniyoyi da lauyoyi 'ya'yan zango da za su yi aikin don Allah in an tambaye su.

Akwai kuɗi a kan teburi, shi ya sa wannan magana take da gaggawa. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID na magance ambaliya a yankin Odaw, aka ƙara miliyan 150 a 2023 bayan an karkatar da wani kaso zuwa yaƙi da korona. Nima tana cikin unguwanni uku da aka zaɓa domin gyara, tare da Alogboshie da Akweteyman, magudanar Nima zuwa Paloma ma tana cikin aikin. A 2022 kuma aka kafa hukuma ta musamman mai kula da magudanan ruwa na ƙasa. Aikin ya yi ta jan ƙafa, amma duk inda ya iso sai an faɗaɗa gota, faɗaɗa gota kuwa yana nufin wasu ɗakuna za su tafi. Abin da ya kamata mu sani shi ne, ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu suna da ƙa'idar cewa wanda aikin ya tasa, ko ba shi da takardar fili, a ƙidaya shi a taimaka masa a kan ginin da ya rasa da sana'ar da ta tsaya. Amma ana sa ranar rufe ƙidaya, wanda ya yi gini bayan ranar ba shi da komai. Wanda ba ya gida ranar da masu ƙidaya suka zo, ko ɗan haya da mai gida bai ambace shi ba, shi ma yana iya faɗuwa. Nan ne ake buƙatar sarakunan zango da 'yan majalisar unguwa su tsaya da idonsu.

Game da izinin kansa, abin da muke ganin ya dace shugabanninmu su nema ba a ɗauke wa zango doka ba ne. Su nemi majalisun Ayawaso biyu su fito su auna bakin gotar, su kafa alama da kowa zai gani, a san daga nan zuwa nan ba a gini, ko na waye. Mita goma da manufar 2011 ta ambata in aka ce za a bi ta sak a tsakiyar Nima, layin gidaje ne guda zai tashi a kowane gefe, don haka dole a zauna da injiniyoyi a fitar da abin da zai ishi ruwa da motar yashewa, a faɗa wa mutane gaskiya tun da wuri. Sauran gidajen da ba sa kan hanyar ruwa kuma a buɗe musu wata ƙofa: a karɓi shaidar zama ta shekaru da tabbacin iyalan da suka ba da ƙasar da na sarkin unguwa a matsayin matakin farko, a yi zanen ɗaki da bene na bai-ɗaya wanda talaka zai ɗauka ba sai ya biya mai zane ba, a rage tarar daidaita tsofaffin gine-gine. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya yi filayen ƙwallo da fitilun titi. Biyan safiyo ya auna gidajen Nima da Maamobi gida-gida, a taimaki iyalai su yi rajistar gadonsu, ba zai yi kyau a hoto kamar filin ƙwallo ba, amma shi ne zai hana a kira gidan kakanmu haramtacce. An taɓa yi mana albishir da mai da Nima unguwar dogayen benaye a zamanin Nana Akufo-Addo, mutane suka tambayi inda za su zauna kafin a gama, maganar ta kwanta. Ma'aikatar Zango da aka kafa a 2017 ita ma ba ta wuce 2021 ba.

Ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da majalisar sarakunan zango suna da kunnen gwamnati fiye da yadda muke amfani da shi. Mun saba kai musu maganar kujerun Hajji da hutun salla. Maganar taswirar bakin gota da rajistar gidajen gado ita ma ta cancanci a shiga da ita fadar Jubilee.

Kafin nan, damina ba ta jiran kwamiti. Ruwan Accra yana farawa daga Afrilu, ya yi ƙarfi a Mayu da Yuni. Wanda ya riga ya sayi bulo da niyyar ƙara ɗaki ta bayan gida, ya fara zuwa sashen ayyuka na majalisarsa ya tambaya ko wurin yana cikin layin da aikin magudana zai bi, ya nemi a ba shi amsa a rubuce. In ya biya wani kuɗi, ya karɓi rasit mai hatimin majalisa, domin kuɗin da aka miƙa a gefen bango ba ya cikin fayil ranar da katafila ta zo. Wanda aka shafa wa jan fenti kuma ya ɗauki hoton bangon da kwanan wata, ya tattara duk wata takarda da ke gidan, ko rasit ɗin harajin gida ne ko tsohuwar takardar da kaka ya bari a cikin adaka, ya kai wa ɗan majalisar unguwarsu kwafi tun kafin wa'adin ya cika.